Kalankuwa: Masu Kafa Rumfa da Masu Riƙe Asusu

Duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙauyukan ƙasar Kano, in aka ambaci kalankuwa sai ka ga fuskarsa ta saki. Matasanmu kuwa da yawansu sunan kaɗai suka sani. Wasu ma suna tsammanin biki ne na birni, gama Gwamnatin Jihar Kano ta ari sunan ta sa wa bikin al'adun da take shiryawa. A tarurrukan matasa mukan ji ana tambaya ko za a iya ta da wasan nan kuma, don yara su sami abin yi tare wanda ba kallon ƙwallo a gidan kallo ba. Amsarmu ita ce za a iya, amma sai an fahimci abin da ke riƙe da wasan. Rawanin sarki da kiɗan kalangu su ne ido ke gani. A bayansu akwai mutanen da suka sha wahala ba wanda ya biya su, akwai kuma abin da aka tara da hannun da aka danƙa wa. A kan waɗannan biyu muke so mu yi bayani.

Ƙasa sabuwa a bayan gari

Kalankuwa wasa ne na samari da 'yan matan ƙauye, ana yinsa da kaka, sa'ad da aka gama ɗaure gero da dawa aka kai rumbu. Samari sukan nemi izinin mai gari, su share fili, su kewaye shi da zana, su kakkafa rumfuna. A cikin filin nan sai a kafa wata ƙasa dabam mai hukumarta. A naɗa Sarki da Waziri da Galadima, a sa Alƙali da magatakardansa, a zuba dogarai da 'yan doka. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka kafa nasu mulkin, wasan bai bar su ba, ya haɗiye su su ma. Aka sami Gwamna da Razdan da Di'o, har da Likita mai farar riga. 'Yan mata suna da nasu shugabannin. Sunayen sarautun da yawan kwanakin sun bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye, saboda haka kada dattawan Bunkure su yi mamaki in nasu bai zo daidai da na mutanen Kura ba.

Mu lura da abin da ya raba shi da wasan kwaikwayon da yaranmu ke yi a majami'a ranar Kirsimeti. A can akwai labari da aka haddace, akwai masu wasa a gaba, sauran jama'a suna zaune suna kallo. A kalankuwa ba rubutaccen labari, kuma duk wanda ya tsallaka ƙofar zana ya shiga wasa ke nan, ko ya so ko bai so ba. A ce baƙo ya zo kallo daga wani ƙauye, ya gifta gaban Sarki bai tuɓe takalmi ba. Nan take 'yan doka su cafke shi, a kai shi gaban Alƙali, a karanta masa laifinsa, a ci shi tara. Shi kuma ya durƙusa yana roƙon sassauci, mutane suna ta dariya. Sarkin kuwa ba ya dariya. Saurayin da jiya kuka yi cirar ciyawa tare, yau ya hakimce, ba ya magana sai ta bakin Waziri. Daɗin wasan duka yana nan: kowa ya san ƙarya ce, kowa kuma ya yarda ya riƙe ta kamar gaskiya har ranar tashi.

Wasan yana da amfani fiye da dariya. Yaron da bai taɓa shiga kotu ba ya ga yadda ake gabatar da ƙara da yadda ake kiran shaida. Talakan da ba shi da bakin faɗa wa mai karɓar haraji komai, ya ga an kwaikwayi tafiyarsa da kwaɗayinsa a gaban kowa. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin kalankuwar ƙauyen Bomo kusa da Samaru saboda wannan dalili, wato yadda samari manoma ke faɗin abin da ke damunsu ta hanyar wasa. Sarautun samari kuwa tsohon abu ne. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, tsohuwar ta ba da labarin yadda samari da 'yan mata ke da shugabanninsu masu sarauta tun tana yarinya, kafin Turawa su zo. A Damagaram ta Jamhuriyar Nijar kuma akwai ɗan'uwan wasan nan, wasan kara, inda ake kwaikwayon manyan gwamnati da sojoji da kayan da aka ƙera da karan hatsi.

Waɗanda ba su sa rawani ba

Yanzu mu koma bayan zana. Kafin a yi sarki na kwana kaɗan, wani ya shiga daji ya yanko gamba, wani ya zauna ya saƙa zana, wani ya sari itacen dirka ya haƙa rami. Wasu sun ɗauki goron gayyata sun bi ƙauyuka da ƙafa ko da keke. An je an shirya da makaɗa. Baƙi in sun zo sai an ba su masauki, sai an ba su ruwan sha da na wanka, ruwan nan kuwa a ka ake ɗauko shi daga rijiya. Tuwon da ɗaruruwan mutane za su ci, iyaye mata da 'yan mata ne suka sussuka, suka daka, suka tuƙa. Ba a taɓa kiran sunansu a fili an yi musu kirari ba. In an tashi, kowa ya gaji, baƙi sun watse, akwai kuma waɗanda za su kwance zana, su share fili, su mayar da tabarmi da tukwane gidajen da aka aro.

Me ya sa suka yarda suka yi? Domin ƙungiyar samari ba ranar wasa kaɗai take aiki ba. Ita ce ke fita gayya da damina. A wurare da yawa Sarkin Samari yakan kai yaransa gonar mai gari ko ta wani mai hali, a yi noma da kiɗa, abin da aka ba su ya shiga asusun ƙungiya. Su ne ke gyaran hanya da yashe rijiya da taya gajiyayye rufin ɗaki. Kalankuwa kamar ladan shekara ce. Wanda ya noƙe ranar gayya ya san ba shi da fuskar neman sarauta ranar wasa. Gayyar ce ke ciyar da wasan, wasan kuma shi ke sa samari su riƙa fitowa gayya. In aka cire ɗaya, ɗayan ba ya daɗewa.

Abin da ake tarawa

Na fari shi ne karo-karo: kowane saurayi ya kawo abin da aka yanka masa, kwanon hatsi ko kuɗi, iyaye da masu hali su ƙara gudummawa. Na biyu shi ne tarar da Alƙali ke ci a cikin wasa. A rubuce kalmar ɗaya ce da ta tara kaya wuri guda, kuma a kalankuwa ma aikinsu ɗaya: tarar nan hanya ce ta sa baƙo ya ba da gudummawa yana dariya. Da ita ake sallamar makaɗa a sayi goro.

Na uku shi ne kayan wasa, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Babbar rigar Sarki ta aro ce daga adakar wani dattijo. Mu mutanen Kura mun san darajar rawani fiye da kowa, gama sunan garin nan ya kai har cikin Hamada saboda ɗan Kura, baƙin rawanin nan mai sheƙi da marina suka rina da baba, mabuga suka buga, Buzaye da sarakuna suna saye da tsada. Sarkin kalankuwa ba safai yake samun irinsa ba. Mayafin uwarsa ma ya isa, in dai an iya naɗi. Sauran kaya kuwa hannu ne ke yinsu: bindigar kara, tabarau na kara, agogon kara, gemun auduga, tsohuwar hular kwano da wani tsohon soja ya dawo da ita. A kowane ƙauye akan sami mutum ɗaya ko biyu masu son ajiye irin waɗannan tarkace. Matansu suna mita, su kuwa ba sa yarda a zubar. In shekara ta kewayo wurinsu ake zuwa. Gidajen tarihi irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun fi ajiye kayan sarakuna na gaske da na masu sana'a. Kayan sarkin wasa a ɗakunan mutanen nan suke, in mai su ya rasu sau da yawa gara ce ke gadonsu.

Tashe, da abin da ya same shi a birni

Maƙwabtanmu Musulmi suna da wasan da har yanzu yara ke yi, wato tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai kwana goma. Yara su yi shigar tsoho ko ta boka, irin su Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu ko Samodara, su bi gida gida da dare, a ba su hatsi ko kuɗi, daga baya su raba ko su haɗa su yi girki. A birnin Kano akwai Nalako, Sarkin Gwagware, wanda ke zagayawa da jama'arsa suna tsokanar mazan da ba su da mata. Da yake watan azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, tashe bai ɗauru da kaka ko rani ba, shi ya sa canjin noma bai taɓa shi kamar yadda ya taɓa kalankuwa ba.

Wani abu ne dabam ya taɓa shi. A birni 'yan daba sun riƙa fakewa da shi suna tare hanya, suna ƙwace waya, suna faɗan unguwa, har rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da dakatar da shi fiye da sau ɗaya, ciki har da shekarar 2024. Yaran da ke wasansu tsakani da Allah su suka yi hasara. Abin lura shi ne, tsakanin karɓar kyauta cikin wasa da karɓe wa mutum abinsa da ƙarfi tazarar ba ta da yawa. Abin da ke tsare ta shi ne a san masu wasan, a san babbansu, a kuma san inda abin da aka karɓa yake tafiya.

Turawa ma suna yi

Wataƙila wani ya ce wannan duk aikin mutanen da ne, zamani ya wuce shi. To, a Turai da Amurka manyan mutane masu aikin ofis suna biyan kuɗi don su yi irinsa. Suna kiransa LARP, mu kuwa sai mu ce wasan tatsuniya a fili. Sukan sami daji ko gona ko tsohon gidan sarauta, su kafa tantuna, kowa ya ɗauki suna da hali na wani mutum a wata ƙasa ta tatsuniya, jarumi ko boka ko ɗan kasuwa, ya zauna cikin halin nan kwana biyu ko fiye. Ƙungiyar Dagorhir ta fara a kusa da birnin Washington a 1977. A Ingila wani wasa mai suna Treasure Trap ya buɗe a wani gidan sarauta a 1982. Bai yi shekaru da yawa ba ya rufe, amma waɗanda suka yi wasa a can suka watsu suka kafa nasu ƙungiyoyin. A Jamus akwai ConQuest of Mythodea tun 2004, wanda ke tara dubban mutane. A garin Hobro na ƙasar Denmark ma an buɗe wata makarantar kwana a 2006 da ke koyar da tarihi da lissafi da sauran darussa ta irin wannan wasa.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne damuwarsu irin tamu ce. Wasan ba ya yiwuwa sai da 'yan sa kai: masu kafa tanti, masu ba da taimakon gaggawa, masu sa abin rufe fuska su zama dodannin da jarumai za su kashe. Takubbansu na soso ne da aka lulluɓe da roba, kuma kafin a shiga yaƙi akwai masu duba kowane makami ɗaya ɗaya don kada a ji wa wani ciwo. Kowa yana so ya zama jarumi, ba mai son zama dodo. Wani babban wasa a Ingila mai suna Empire, wanda aka fara a 2013, ya warware wannan da doka: ana manyan yaƙe-yaƙe biyu a taro, wanda ya shiga ɗaya a matsayin jarumi dole ya sa fuskar abokin gaba a ɗayan. Wasan nan kuma yana da kuɗinsa na ƙarfe da ba sa aiki ko'ina sai cikin fili. Zobe ashirin kambi ɗaya, kambi takwas karaga ɗaya. Mutane suna tara su, suna ciniki da su, suna kuma kashe shekaru suna tara riguna da sulke da makamai, kamar dai masu tarkacen ƙauyukanmu, sai dai su da kuɗi mai yawa. Za mu dawo kan dabarun nan biyu, gama za su yi mana amfani.

Ruwan Tiga ya cinye lokacin wasa

Me ya raunana kalankuwa a yankinmu? Akwai makaranta, wadda ta ƙara ɗaukar yara tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Akwai rediyo da finafinan Hausa da waya. Akwai malamai a ɓangaren maƙwabtanmu da fastoci a namu da suka yi wa'azi a kan abin da ke biyo bayan kiɗan dare. Amma mu da ke zaune a bakin kanal muna da wani dalili namu na musamman.

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are a 1976, aka tsara shayar da kadada 22,000 a kashi na farko na aikin. Ruwa ya riƙa gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma ku duba abin da ya yi wa kalanda. Da, in an kai amfani rumbu, hannu ya huta, ciki ya cika, saurayi yana da 'yan kuɗi, sai wasa. Yanzu ana yankan shinkafa ana gyaran fili don alkama, wadda ake so ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta sami sanyi. Tumatir yana jiran dashe, albasa tana jiran ban ruwa. Daga Janairu kuma motoci sun cika Kwanar Gafan, kowa yana tsinka yana loda kwando. Makonnin da a da ake kalankuwa su ne yanzu suka fi kowane lokaci aiki.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Noman rani ya sa wa yinin saurayi farashi. Inda ake dashe da cira da tsinka kusan duk shekara, kullum akwai mai neman ɗan ƙwadago ya biya shi da yamma. Saurayin da ya ba da kwana uku yana saƙa zana kyauta ya san kuɗin da ya bari a gonar wani. Kada mu ce yaran yanzu malalata ne ko ba su da kishi. Kakanninsu sun ba da lokacin da ba mai saye. Su kuwa abin da ake roƙonsu su bayar yana da mai saye a bakin hanya. Duk mai son ta da wasan nan sai ya fara da wannan lissafi.

In za a ta da shi

Maganar lokaci ita ce ta fari. A ganinmu tazarar da ta rage mana ita ce bayan an yanke alkama, tumatir ya ja baya, kafin ruwan sama ya sauka, wato daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Akwai zafi ƙwarai, amma akwai 'yan kuɗi a hannu, sau da yawa kuma makarantu suna hutu. Ista ma a cikin makonnin nan take faɗowa, saboda haka sai a duba kada su yi karo. Kwana biyu sun isa. Gara gajeren wasa da aka gama lafiya da dogon da 'yan aiki suka gudu suka bari.

Sai rabon wahala. A kowace ƙungiya akwai mutum huɗu ko biyar da komai ke faɗowa kansu. Shekara ta fari suna murna, ta biyu suna haƙuri, ta uku ba ka ganinsu. A nan dokar jarumi da dodo za ta yi mana aiki: wanda ya sa rawani bana, baɗi shi ne mai ɗebo ruwa. A faɗi haka tun ranar naɗi, a rubuta. A kuma ware lokaci a tsakiyar wasa, Sarki da kansa ya kira masu girki da masu saƙar zana da sunayensu, makaɗa su yi musu kirari. Ba ya cin ko sisi. 'Yan mata kuma kada a bar su da murhu kaɗai. Ba abin da ya hana mace zama Alƙali ko Likita a ƙasar da mu muka ƙirƙira.

Muna gargaɗi a kan biyan alawus. Ƙungiyoyin taimako irin tamu sun san abin da kuɗin zama ya yi wa gayya a ƙauyuka da yawa: da zarar an biya mutum sau ɗaya don aikin da a da yake yi domin garinsu, ran da ba a biya ba ba zai fito ba. A ciyar da 'yan aiki sosai, a ba su ruwan sanyi, amma kada a mai da su ma'aikata. Haka nan a yi hankali da babban mutum ko ɗan siyasa da zai ce ya ɗauki nauyin komai. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta rungumi ƙungiyoyin samariya ta mai da su hannunta a ƙauyuka. An gina azuzuwa an dasa itatuwa, amma samariyar ta zama ta gwamnati, da tsarin mulkin ya canja a farkon shekarun 1990 sai ta dusashe tare da shi. Wanda ya sayi zana da goro shi kaɗai, gobe shi zai ce wa za a naɗa, kuma ba mai iya kwaikwayonsa a fili.

Maganar kuɗi ita ce ta fi raba ƙungiyoyin matasa, ba don ɓarayi sun yi yawa ba. Yawanci ma'aji mutumin kirki ne, kuɗin suna aljihunsa, ɗansa ya kwanta ciwo, ya taɓa da niyyar mayarwa, ranar lissafi ta zo bai mayar ba. Daga nan sai zargi, sai gaba tsakanin gidaje har shekaru. A tausaya wa ma'aji, kada a bar shi shi kaɗai da kuɗi. Mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta. Hatsi a auna shi da kwano ɗaya a gaban wanda ya kawo. Kowace yamma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Don tarar cikin wasa kuwa, ga inda kuɗin tatsuniya ke da amfani. A sami marafen kwalba ko gutsattsarin kwali, a buga musu hatimi, a sa musu suna. Mai shigowa ya canja nairarsa a tebur ɗaya a bakin ƙofa, iyakar abin da ransa ya so. A ciki da su Alƙali zai ci shi tara, da su zai biya Likita. In sun ƙare, ba mai sake kama shi. Ta haka naira tana wuri ɗaya a idon mutum uku, ɗan doka ba ya sa hannu a aljihun kowa, baƙo kuma ya san iyakar abin da zai kashe tun kafin ya shiga. Ba a karɓe waya, ba a karɓe hula ko takalmin mutum a ce jingina.

Dattawan da suka ƙi kalankuwa ba su ƙi ta a banza ba. An sha burkutu, an yi tsarance, an yi faɗa a kan budurwa. Wannan yana da magani: a yi da rana, a tashi kafin duhu, iyaye mata su sami rumfarsu a cikin fili. Akwai kuma maganar wanda za a kwaikwaya. A kwaikwayi kujera, kada a kwaikwayi mutumin da ke zaune a kanta yau da sunansa. Kada a taɓa addinin kowa ko shugabanninsa, namu ko na maƙwabta. Wasu tsofaffin wasanni suna yi wa wata ƙabila dariya saboda harshenta ko shigarta. Mu da muka san zafin a yi wa mutum dariya saboda asalinsa, bai kamata mu gaji wannan ba. A sanar da mai gari da 'yan sanda tun da wuri, a kuma kai goron gayyata gidajen maƙwabta Musulmi, gama kakanninmu da nasu tare suka yi wasan nan.

Kayan wasa kuma a yi musu littafi. Duk abin da aka aro a rubuta sunan mai shi da halin da aka karɓe shi, a mayar a wanke cikin kwana biyu. Rigar dattijo ɗaya da ta dawo a yage ta isa ta rufe adakokin gari duka. Abin da ƙungiya ta mallaka a sa shi a akwatin ƙarfe, a ɗora bisa duwatsu nesa da bango saboda gara, a zuba busasshen ganyen darbejiya a ciki, a riƙa shanyawa bayan damina. Makulli biyu, a hannun mutum biyu. Kayan kara ba a ajiye su, ba sa kai shekara. Abin ajiyewa shi ne iya yinsu, saboda haka a zaunar da tsofaffin da suka iya su koya wa yara, a ɗauki hoto da waya. A kuma ɗauki muryarsu suna lissafa sarautun da aka yi a ƙauyen, da kirarin kowace, da wanda ya riƙe ta, a rubuta a littafin ƙungiya, gama wayar ma tana lalacewa.

Tun kafin a kafa dirka ta fari a rubuta sunayen waɗanda za su kwance zana washegarin tashi, a kuma ware musu abincinsu daga cikin abin da aka tara. Zanar da aka kwance tana da sauran ƙarfi. Kwamiti ya duba gidajen da dangarsu ta faɗi, na gwauraye mata da na tsofaffi, a kai musu a kafa kafin iskar farkon damina.